Saita na'urorin karanta kati na ƙofofi shida a wani gini a Zinder

Ginin bene ne mai hawa ɗaya a cikin garin Zinder, ofisoshi sama da ƙasa, ma'aikata kusan 60. Manhajar kula da ginin ta daɗe tana tafiyar da na'urorin sanyaya ɗaki da fitilun baranda, sai masu ginin suka so a haɗa mata ƙofofi shida: babbar ƙofar shiga, ƙofar baya ta wajen ajiye babura, ɗakin kuɗi, ɗakin ajiyar takardu, ɗakin kwamfutoci, da ɗakin taro na sama. Masu jan waya sun gama nasu kafin in zo. Abin da ya rage shi ne a zauna gaban manhaja a gaya mata wace ƙofa ce wace, wane kati ne na wa, da lokacin da kowa zai shiga. A takarda aikin yini ɗaya ne. Kwana huɗu ya ci a cikin watan Fabrairu, kuma kusan duk abin da ya ja shi tushensa ɗaya: abin da aka rubuta a allo daban, abin da ke jikin ƙofa daban.

Kwantarola biyu aka kafa, wato akwatunan da ke yanke hukuncin a buɗe ko a hana, kowace da tushen wutarta na volt 12 da batir ɗinta. Ta farko tana riƙe da ƙofofin waje biyu, kowace ƙofa da na'urar karanta kati ciki da waje, huɗu ke nan, duka masu magana da kwantarola da tsarin Wiegand, tsohuwar hanyar aika lambar kati ta waya. Ta biyu tana riƙe da ɗakuna huɗu na ciki, na'ura ɗaɗɗaya, masu tsarin OSDP, wanda shi yake iya ɓoye saƙon. Da ni aka tambaya tun farko, da OSDP na sa a waje, don wayar Wiegand tsirara take ɗaukar lambar kati, duk wanda ya kwance na'urar daga bango zai iya saurarenta. To, kaya an riga an saya an kafa.

Ban buɗe manhajar ba sai da na zaga ƙofofin da mitar auna wuta a hannu. Ƙofofin waje makullin maganaɗisu gare su, wanda masu sana'a a nan suke ce wa bantus, mai riƙe kilo 280. Irinsa yana riƙe ƙofa ne muddin da wuta, da an yanke ta ya saki, saboda haka wayarsa ta rile take bi, wato makunnin da kwantarola ke juyawa, ta ƙafarsa mai zama a haɗe, wadda aka rubuta wa NC a jikin allon kwantarolar. Ɗakunan ciki kuwa makullin da ake ce wa gash aka sa musu, wanda ke zama a kulle sai an ba shi wuta, shi ta ƙafar NO mai zama a rabe yake bi. A manhaja akwai gurbin da ke juya aikin rile, kuma wasu da shi suke rufe kuskuren waya. Ƙofar za ta yi aiki lafiya lau har ranar da kwantarola ta tsaya. Ranar nan rile ya koma mazauninsa na asali, waya ce kawai ke da magana, sai ka tarar da ɗakin kuɗi a buɗe. Waya ɗaya na samu a juye, a ɗakin takardu, na mayar da ita inda ya kamata, gurbin manhajar ban taɓa shi ba.

Gash biyu ba su da diyod, ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai. Naɗin wayar da ke cikin makullin, duk sa'ad da aka yanke masa wuta yana mayar da bugu mai ƙarfi ta cikin waya, shi ke sa kwantarola ta riƙa mutuwa tana tashi, ko rajista ta cika da katunan da babu wanda ya nuna. Na sa diyod mai lamba 1N4007 a bakin kowane makulli, ɓangaren zobe yana kallon wayar fulus (+). A bakin makulli nake nufi, don in aka sa shi can cikin akwati bugun ya riga ya bi tsawon wayar. Bantus ban sa masa ba, da nasa kariyar ya zo, kuma diyod yana sa shi nawa wajen sakin ƙofa.

Ƙofar baya ta fi ba da aiki. Tsakaninta da akwati mita 40 ne, kuma da siririyar wayar ƙararrawa mai kaurin 0.22 mm² aka ja wa makullin wuta. Irin wannan waya tana da kusan om 0.08 a kowace mita, zuwa da dawowa mita 80, om 6.4 ke nan, ga makullin da ke jan kusan rabin amfa. A akwati mita ta nuna volt 13.6, a bakin makulli 10.7. Yana kama ƙofa, amma ƙaƙƙarfan mutum ya sa kafaɗa zai buɗe ta. Muka sake jan waya mai kaurin 1 mm², wuta ta koma kusan 12.8. Farantin ƙarfen da ke jikin ƙofar kuma an ɗaure shi tamau, alhali so ake a bar shi yana ɗan lilo a kan robarsa don ya kwanta shafe-shafe a fuskar maganaɗisun. Na sassauta shi, na goge fuskokin biyu, don ƙurar hunturu ta riga ta yi musu lulluɓi.

Sai aka zo kan kwamfuta. Kowace kwantarola na ba ta adireshin IP tsayayye, na canza kalmar sirrin da ta zo da ita daga masana'anta. Manhajar ginin da BACnet take magana, wato harshen da na'urorin gini ke fahimtar juna da shi, ta tashar UDP mai lamba 47808, kuma a BACnet kowace na'ura sai da lambarta ta shaida wadda babu mai irinta a gidan. Kwantarolar biyu da lamba ɗaya suka zo. Alamar haka ita ce ka ga ɗaya ta bayyana a jerin na'urori, ka sabunta allo ta ɓace, ɗayar ta fito a gurbinta. Na ba su 2101 da 2102, suka zauna.

Agogo abu ne da ake tsallakewa, kuma a Nijar yana da tarko. Manhajar da Faransanci take, wanda ya kafa ta ya bar yankin lokaci a kan Faris. A Fabrairu babu mai lura, don Faris da Yamai duk awa ɗaya suke gaban agogon duniya. Amma daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba Faransa tana tura agogonta gaba da awa ɗaya, mu kuwa ba ma taɓa namu. Da an bar shi haka, ƙofar da aka ce ta buɗe bakwai da rabi da shida da rabi za ta buɗe, katin da aka ba izini zuwa ƙarfe shida na yamma da biyar za a fara ƙinsa, kuma duk lokacin da ke cikin rajista zai zama ƙarya. Na mayar da babbar kwamfutar da kwantarolar biyu kan lokacin Yamai, na kashe sauyin agogon bazara, na sa kwantarolar su riƙa karɓar lokaci daga babbar kwamfuta.

Bayan haka na ƙirƙiri ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. Suna na fari: kada a bar "ƙofa 1, ƙofa 2", mai gadi da tsakar dare ba zai tsaya tunanin wace ce 2 ba. Kowace ƙofa ana nuna mata rilenta, da kontak ɗin da ke shaida a rufe take, da maɓallin fita. Lokacin sakin makulli daƙiƙa 5 na sa, na kuma kunna zaɓin da ke mayar da kulle da zarar ƙofa ta buɗe ta rufu, don kada wani ya bi bayan mai kati cikin sauran daƙiƙun. Lokacin da ƙofa za ta zauna a buɗe kafin ƙararrawa, daƙiƙa 30.

Wajen kontak ɗin ne allo ya fara jayayya da ƙofa. Manhaja ta nuna ƙofofi uku da alamar an taɓa waya, alhali ga su a rufe. Waɗannan kwantarola suna iya sa ido a kan wayar kontak ta hanyar rezistans biyu, ƴan abubuwan da ke rage gudun wuta, da ake sawa a ƙarshen layi, da su suke bambance hali huɗu: a rufe, a buɗe, an yanke waya, an haɗe waya. Sai dai ƙimar da aka zaɓa a manhaja dole ta zama ita ce a jikin ƙofa. Masu jan waya sun sa na kilo-om 4.7, manhaja tana jiran na kilo-om 1. Na gyara zaɓin, biyu suka lafa. Ta ukun rezistans ɗinta a cikin akwati aka maƙale su, wanda daidai yake da babu, don duk tsawon wayar ba ta da mai gadi. Muka mayar da su bakin ƙofa.

Ɗakunan ciki kuma wata damuwar suka kawo. Mai fita murɗa hannun ƙofa kawai yake yi, ba kati ba maɓalli, sai kwantarola ta ga ƙofa ta buɗe ba da izininta ba, ta rubuta an ɓalle ƙofa. Kafin azahar rajista ta cika da jan rubutu. Akwai ƴar na'urar jin motsi a saman kowace ƙofa ta ciki, ba a dai haɗa ta a manhaja ba. Na haɗa ta a matsayin neman fita, amma da zaɓin ta kashe ƙararrawa kawai, kada ta saki makulli. In aka bar ta tana saki, duk wanda ya gifta ta cikin ɗakin ya buɗe wa na waje.

Yanzu ga inda aikin ya fi nauyi, wato lambobin kati. Wayar Wiegand biyu ce ke ɗaukar saƙo, kore ita ce D0, fara ita ce D1, sai ja ta wuta da baƙa ta ƙasa. Tsarin da ya fi yaɗuwa mai bit 26 ne, kowane bit ko sifiri ne ko ɗaya: bit na farko na tantancewa, 8 na lambar gida daga 0 zuwa 255, 16 na lambar kati daga 0 zuwa 65535, sai na ƙarshe shi ma na tantancewa. Na farkon yana sa adadin ɗaya-ɗaya a rabin farko ya zama cika, na ƙarshen yana sa na rabin baya ya zama mara. Na buɗe allon da ke nuna ɗanyen saƙo, na aika yaron da ke taya ni da kati ɗaya ya bi na'urorin huɗu. Uku suka kawo lamba iri ɗaya. Ta cikin ƙofar baya ta kawo bit 26 cif, amma da kuskuren tantancewa. Ruwa ba ya tsami banza: in aka juya kore da fara, kowane sifiri ya zama ɗaya, kowane ɗaya ya zama sifiri, rabin da ya kamata ya zama cika ya koma mara. Tsawo daidai, tantancewa ta faɗi, to wayoyin nan biyu za a fara dubawa. Haka kuwa aka samu. Da adadin bit ɗin ne ke sauyawa, yau 24 gobe 27, da baƙar waya zan zarga, ko wayar da aka ja kusa da ta babbar wuta, ko nisan da ya wuce mita 150.

Katunan gidan iri biyu ne. Akwai tsofaffi na kilohaz 125, irin EM4100, waɗanda ma'aikata suke amfani da su a na'urar sa hannun zuwa aiki. A jikinsu an buga lamba biyu, misali 0007737769 da kuma 118,04521. Abu ɗaya ne a rubuce ta hanya biyu: 118 lambar gida, 4521 lambar kati, in ka ninka 118 da 65536 ka ƙara 4521 za ka samu 7737769. Sakatariyar gidan ta riga ta shirya jerin ma'aikata da doguwar lambar, manhaja kuwa gurbi biyu take so. Da aka zuba jerin yadda yake, ta ƙi karɓa, don lambar ta fi ƙarfin gurbin. A takardar lissafi na raba kowace lamba da 65536, abin da ya fito shi ne lambar gida, ragowar ita ce lambar kati. Sai ga shi katunan ba lambar gida ɗaya gare su ba, kashi-kashi aka saye su. Saboda haka zaɓin da ke cewa a karɓi lambar gida ɗaya tak na cire shi, kowane kati aka shigar da shi da lambobinsa biyu.

Sababbin katunan na megahaz 13.56 ne, MIFARE Classic, na waɗanda za su shiga ɗakunan ciki, kuma lambar jikinsu ta masana'anta ake karantawa, mai bayit 4, wato bit 32. Na'urorin waje suna karanta iri biyun, amma sun zo a saite su fitar da komai a bit 26. Bit 26 kuwa bit 24 kawai yake ɗauka na lamba, saboda haka bayit ɗaya ake yankewa a zubar. Illa biyu ke nan: kati biyu za su iya zama ɗaya a idon kwantarola, kuma lambar da ƙofar waje ta gani ba za ta yi daidai da wadda na'urar ciki ta gani ba. Da katin saiti na mai ƙera su na mayar da su su fitar da sababbin katunan a bit 34, tsofaffin su ci gaba a 26, sannan na ƙirƙiri tsari na biyu a manhaja: tsawo 34, lamba ta fara daga bit na 2, tsawonta 32, babu lambar gida.

Duk da haka katin gwaji ya ƙi buɗewa. An yi masa rajista da ƴar na'urar tebur mai USB, ita kuwa daga baya take jero bayit ɗin. Katin da bango ya karanta 3A 7F 12 C4, tebur ya rubuta shi C4 12 7F 3A, in aka mayar da su lambobin yau da kullum babu abin da ya haɗa su a ido. Hanyar gane shi ita ce a sa manhaja ta nuna lambobin biyu a tsarin heksa a jera su. Na juya jerin a saitin na'urar tebur, na share katunan takwas da aka riga aka shigar, aka sake. Tun daga nan dokar da na kafa wa sakatariya ita ce duk katin da aka yi wa rajista a tebur sai an kai shi ƙofa biyu, ta waje da ta ciki, kafin a miƙa wa mai shi.

Na kuma gaya wa masu ginin a rubuce cewa lambar jikin kati shaida ce mai rauni. Katin EM4100 ana kwafarsa da ƴar na'urar hannu, kariyar MIFARE Classic kuwa an karya ta tun 2008, lambar jikinsa ma ana iya rubuta ta a wani katin. Ga ɗakin kuɗi da na kwamfutoci na kunna kati haɗe da lambar sirri, tunda na'urorinsu suna da maɓallan lamba. Gyaran gaske shi ne katin DESFire da ake karanta ɓoyayyen sashensa da makullin AES, wannan kuwa sayen kaya ne, ba saiti ba.

OSDP bai ɗauki lokaci sosai ba. Layi ɗaya ne na RS-485, waya biyu A da B, na'urorin huɗu a jere a kansa, yana iya kai mita 1200. Duka da adireshi 0 suka zo, in aka haɗa su tare sai su riƙa amsawa baki ɗaya, babu wadda za a ji. Na riƙa haɗa su ɗaya-ɗaya ina ba su 1, 2, 3, 4, gudun magana 9600 a kowane ɓangare, rezistans na om 120 a bakin kwantarola da bakin na'urar ƙarshe kawai. Sannan na kunna rufaffiyar hanyar da ke ɓoye saƙo da AES-128. Haɗuwar farko da makullin masana'anta ake yinta, wanda kowa ya sani, kwantarola ta tura sabon makulli, daga nan dole a kashe yanayin girkawa. In aka manta shi a kunne, allo zai nuna alamar kwaɗo, amma duk na'urar da aka kawo aka jona za a karɓe ta.

Izini ban ba mutum-mutum ba, rukuni na yi: ma'aikata, masu kuɗi, masu kwamfuta, masu shara, masu gadi, baƙi. Kowane rukuni jerin ƙofofi ne haɗe da jadawalin lokaci. Gidan yana tashi ƙarfe ɗaya ranar Juma'a, saboda haka Juma'a layinta daban. Mai gadin dare daga shida na yamma zuwa shida na safe yake, kuma jadawalin ba ya ƙetare tsakar dare, sai an raba shi biyu: 18:00 zuwa 23:59, sannan 00:00 zuwa 06:00 a ranar da ke biye. Wanda ya manta rabi na biyu na Litinin, mai gadin daren Lahadi zai fita zagaye ya kasa komawa ciki. Ranakun hutu masu tsayayyar rana kamar 1 ga Mayu da 18 ga Disamba na sa su maimaita kansu duk shekara. Ƙaramar Salla da Babbar Salla da Mauludi kuwa wata suke bi, da hannu za a riƙa shigar da su in an sanar, kuma na bar jadawalin azumi a shirye, sai dai a kunna shi. Katin baƙo yana mutuwa da kansa ƙarfe shida na yammar ranar. Katin da ya ɓata dakatar da shi ake yi, kada a share shi, don in wani ya tsinta ya gwada, sunan mai shi ya fito a rajista.

Masu ginin sun nace a kunna dokar hana miƙa kati baya, wadda ke cewa katin da ya shiga ba zai sake shiga ba sai ya fita. Sa'ar da aka yi ƙofofin waje biyu a kwantarola ɗaya suke, don haka lissafin yana tafiya ko babbar kwamfuta ta mutu. Na kunna ta da tsauri, kamar yadda aka nema. Bayan azahar sai ga mai gadi.

"Malam, na'urarka ta tsare mutane a waje, ga su can a rana."

"Baba, da za su fita kowa ya nuna katinsa?"

"Ina! Mutum ɗaya ya nuna ya riƙe wa sauran ƙofa. Liman zai jira su ne?"

Mutum goma sha ɗaya sun fita da kati ɗaya, goma a lissafin kwantarola suna ciki har yanzu. Dokar ba ta yi kuskure ba, ba ta dai dace da gidan da ake fita jam'i sau biyu a yinin aiki ba. Na mayar da ita mai sassauci, wato ta rubuta a rajista amma ta buɗe, na sa ta yafe wa kowa da ƙarfe goma sha biyun dare, na cire masu gadi daga cikinta. A nan ne kuma na ga wani abu a rajistar babbar ƙofa: tsohon kati ɗaya ya shiga ya fita cikin daƙiƙa guda. Na'urar ciki da ta waje baya da baya aka kafa su a jikin siririn bango, duka biyun suna jin katin. Muka ɗaga ta ciki ta bar saitin ta waje da kamar taƙi biyu, abin ya tsaya.

Haɗa ƙofofin da allon manhajar ginin ya zo da tarko biyu. A BACnet lokacin sakin makulli da kashi goma na daƙiƙa ake ƙirga shi. Da na rubuta 5 daga wannan ɓangaren, makullin ya yi ƙas ya sake kamawa kafin hannu ya kai ƙofa, rabin daƙiƙa ke nan. Daidai shi ne 50, na ƙararrawar barin ƙofa a buɗe kuma 300. Tarko na biyun ya fi haɗari. Umarni a BACnet hawa 16 gare shi, ƙaramar lamba ta fi ƙarfi. Jadawalin gidan a hawa na 16 yake rubutu, umarnin mai aiki da hannu a na 8. Muka gwada: aka danna "buɗe" daga allo kamar za a shigo da kaya, aka bar shi. Lokacin kullewa ya yi, jadawali ya aika umarninsa, ƙofa ta zauna a buɗe, don na 8 yana nan bai sauka ba. Danna "kulle" ma ba magani ba ne, shi kuma zai danne jadawalin safe. Sai an saki hawan, an mayar da shi fanko. Na cire maɓallan biyu daga allon mai gadi, na bar masa na buɗewar daƙiƙa 5 kawai, allon shugaban gidan kuma na ƙara masa maɓallin saki da jan rubutun da ke nuna akwai umarnin hannu a kan ƙofa.

Ɗakin taro na haɗa shi da sanyaya ɗaki: katin farko da aka karɓa ya tayar da na'urar. Kashewa ban ɗora ta a kan ƙofa ba, don ƙofa ba ta san mutum nawa suka rage a ciki ba, jadawali da na'urar jin motsi ke yi.

Rana ta huɗu gwaji ne zalla. Na zare wayar sadarwa daga kwantarolar biyu, aka bi ƙofofi da kati shida, ɗaya daga kowane rukuni. Na masu shara ya ƙi, don an gyara rukuninsu a kwamfuta ba a tura gyaran zuwa kwantarola ba. Na tura, na kunna turawa ta kai tsaye. Da na mayar da wayar, duk abin da ya faru a tsakani ya hau rajista da lokacinsa daidai. Koren akwatin gaggawa na kowace ƙofar waje na danna shi, makulli ya saki nan take, kuma na tabbatar da mita cewa wayar wutar makullin kanta yake yankewa, ba saƙo yake aika wa kwantarola ba. Haka ma ƙararrawar gobara.

Sai na kashe babbar wuta. Kwantarolar waje da makullanta biyu da na'urorinta huɗu amfa 1.7 suke ja, batir ɗin kuwa mai amfa-awa 7 ne. A lissafi awa huɗu, a zahiri kada a sa rai da fiye da uku, kuma batir irin wannan kwanansa yana raguwa da kusan rabi duk sa'ad da zafin wurin ya ƙaru da digiri 10 a kan 25. Akwatin a ƙarƙashin matakala yake, inda babu iska, ga Afrilu da Mayu na tafe. In batir ya ƙare bantus saki yake yi, ƙofofin waje su zauna a buɗe. Saboda haka aka mayar da tushen wutar kwantarolar kan layin da gurup ɗin gidan, wato janareto, ke ɗauka, aka bar makullin hannu na ƙofofin waje a wurinsa don dare, na kuma haɗa alamar yankewar wuta da ta raunin batir zuwa allon mai gadi.

Na kwafi ajiyar saitin a filas biyu, ɗaya ga shugaban gidan, ɗaya a ɗakin kwamfutoci. A cikin murfin kowane akwati na manna takarda mai ɗauke da adireshin IP, lambar BACnet, sunan ƙofar da ke kan kowane rile, ƙimar rezistans, adireshin na'urorin OSDP, da tsarin bit na katunan biyu. A jikin kowane batir na rubuta watan da aka sa shi da alƙalami mai kauri.